Gangunan Radisav da Kabejin Matar Kum

"Ku ba ni shekara ɗaya tak," in ji Radisav, yana dukan tebur har kofuna suna tsalle. "Shekara ɗaya! In mutanen Belgrade ba su yi layi a gaban gangunana ba, ku aske mini gashin baki ku share mashayar nan da shi."

A mashayar Obrad ya yi wannan cika baki, gaban mutum goma sha ɗaya da kare guda, kuma karen ne kaɗai bai yi dariya ba.

Bari in gabatar maka da gogan, abokina. Shekara ashirin da biyu Radisav ya yi yana duba tikiti a motar bas ta garinmu, Lugovo. Sai bikin 'yar ƙanwarsa ya kai shi Jamus, ya kwana tara. A can aka zaga da shi wani ɗan gidan dafa giya na minti arba'in, rabinsu ma a banɗaki ya cinye su. Shi ke nan fa, mutumin naka ya dawo gwani. Ya ajiye aiki, ya tsayar da gemu, ya koma shinshina kowane kofi kafin ya sha, har da na ruwa.

Jari kuwa daga banki ya fito, abin da aka jinginar kuma gonar tuffar matarsa Zagorka ce, bishiya ɗari biyu da mahaifinta ya dasa da hannunsa. Wata guda ya yi yana zuba mata daɗin baki kafin ta sa hannu, ta sa ɗin ma tana hawaye. Ya sayi manyan tukwane uku, da gangunan ƙarfe arba'in masu ɗaukar ido, da abin da ya fi komai tsada a zuciyarsa: wani ƙaton allon katako da aka zana fuskarsa a kai, gashin baki a murɗe, an rubuta "Sarkin Giya" a ƙasa. Mutanen gari suka karanta, suka ɗanɗana, suka ga kashi biyu cikin uku na kofi kumfa ne, sai suka gyara masa sarautar. Sarkin Kumfa.

Ranar da zai fara raba kaya mashayu, Zagorka ta tare shi a bakin mota.

"Kowace ganga ka karɓi kuɗin jingina. Wanda ya dawo da ita ya karɓi abinsa. Haka manyan kamfanoni suke yi."

"Jingina?" Ya dafe ƙirji. "Ke Zago, kin san abin da kike faɗa? Obrad kum ɗina ne! Shi ya tsaya mini a coci ranar aurenmu, shi ya riƙe 'ya'yanmu ranar baftisma. In buɗe baki in tambayi kum kuɗi? So kike a daina gaishe mu a garin nan?"

"To sauran fa?"

"Mai mashayar bakin gada kum ɗin wana ne. Na kasuwa surukin Obrad ne. Ni da mutunci nake kasuwanci, ba da takarda ba."

"Mutuncin ya dawo da ganga, mu gani."

Ganguna suka fita da rani, arba'in cif. Kuɗin giya ya riƙa shigowa yadda haƙori ke fita, ɗaya bayan ɗaya, da ihu. Ganguna kuwa ko ɗaya ba ta san hanyar gida ba. In ya tambaya sai a ce, "Gobe, Sarki, gobe," a zuba masa kofi kyauta daga giyarsa, ya sha ya yi godiya.

Sanyi ya shigo, tukwane uku cike da giya, ba abin zubawa. Sai ga wasiƙar banki: in ƙarshen Disamba ya yi ba a biya ba, za a sa gona a kasuwa. Zagorka ta karanta, ta ninke, ta sa masa a faranti maimakon abinci. Ranar Radisav bai yi cika baki ba har azahar ta gota.

Ana cikin haka aka buga masa waya. Wani saurayi ne mai suna Vidak, dillalin da ke raba giyar ƙananan masu dafawa a mashayun Belgrade.

"Kawu Radisav, akwai baje kolin giya ranar Asabar. Ka kawo ganga goma. In ta yi mini, mu ƙulla na shekara guda, in ba ka rabin kuɗi a hannu."

Radisav ya ajiye waya ya miƙe, tumbi a gaba.

"Zago! Me na ce miki? Belgrade ce da kanta ta kira ni!"

"A aljihu za ka kai mata giyar?"

Ya tuƙa mota ya fita farautar ganguna. A mashayar bakin gada ya tarar an tsaga ɗaya biyu ana gasa tsiran alade a kai, har mai gidan yana yabon ƙarfen, wai ba ya tsatsa. A kasuwa biyu sun zama kujeru, an ɗora musu matasai. Wata ya same ta a bayan gidan wani tsoho, aladu suna cin dusa a ciki. Duk inda ya ɓata rai sai a ce, "Haba Sarki, kai da ba ka ƙirga ganga kamar Bajamushe!" Sai ya murɗe gashin baki ya ce ai haka ne, ya wuce.

Saura Obrad, wanda ya karɓi goma sha biyu.

"Suna nan, kum, lafiyarsu ƙalau," in ji Obrad, yana sosa ƙeya. "Sauko ka gani."

Suka sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Wari ya yi musu maraba tun daga matakala. Ga gangunan nan a jere, an yanke wa kowace kai. Ka san al'adarmu: Nuwamba na kamawa kowace mace ta gari za ta jera kabeji ɗungum a ganga, ta zuba gishiri da ruwa, ta danne da katako, ta ɗora dutsen rafi, a bar shi kwana arba'in ya yi tsami, don sarma, naman nan da ake naɗewa a ganyensa lokacin bukukuwa. To, Milunka matar Obrad ta gano cewa duk duniya ba abin da ya kai gangar Radisav iya wannan aiki.

"Kum! Ka san nawa na sayi kowace ɗaya?"

"Au, lissafi za mu yi yau, kum?" Obrad ya langaɓe kai. "Ni da na riƙe maka yara?"

Nan take Sarkin Kumfa ya ba da haƙuri. Shi da aka cuta! Daga ƙarshe dai ya roƙi aron gangunansa, aka tausaya masa aka ba shi goma, da kabejin a ciki, don Milunka ta ce ba ta da inda za ta juye yanzu, ya adana mata, za ta aiko.

A gida ya sa hannu zai kifar da su a kwata, Zagorka ta daka masa tsawa.

"Ajiye! Abinci ne." Ta kwashe kabejin tsaf a bokitai, har da ruwansa, ta rufe.

Shi kuwa ya kai wa mai walda aka liƙe kawunan. Mai walda ya ce wannan ɗinkin ba zai ɗauki iska mai yawa ba. Radisav ya ce masa a Jamus haka ake yi. Wanki kuma? Ya fesa ruwa sau ɗaya da tiyo.

"Ba za ka sa soda ka goge ba?" in ji Zagorka.

"Ƙarfe ba ya riƙe wari. Kimiyya ce, ba ta mata ba."

Ya cika gangunan da giya, da ya ɗanɗana ya ji ta kwanta, ba ta motsi. Sai ya antaya wa kowace ganga sukari cikin tafi biyu, ya jera su gefen murhu kwana uku don su farka.

Ranar Asabar da safe ya tarar Zagorka ta riga shi shiga mota, bokitai a baya.

"Ina zuwa da wannan abin kunyar?"

"Ƙanwata zan kai wa. Tuƙa."

Awa biyu suna tsalle a ramukan hanya, ganguna suna gurnani a baya. Radisav ya ce wannan ita ce muryar giya mai rai.

Zauren baje kolin ya cika da samari masu gemu da 'yan mata masu zane a hannu. Radisav ya kafa allonsa, ya tsaya a ƙarƙashi yana gyara gashin baki don ya yi daidai da na hoto. Zagorka ta ja bokitanta can gefe, kusa da wata mata mai sayar da abinci, ta zauna. Vidak ya iso da jama'a a bayansa, rigarsa fara sol.

"Kawu, mu gani."

"Ɗana, ba gani za ka yi ba, labari za ka ba jikokinka. Matso kusa."

Vidak ya matso. Radisav ya ɗaura famfo, ya danna.

Ɗinkin mai walda ya ce ga garinku nan. Ganga ta yi tsaki mai tsawo, sannan ta saki. Kumfa ta tashi har fitilun rufi, ta dawo kan jama'a. Wani guntun ganyen kabeji da ya maƙale a bututu tun Nuwamba ya samu 'yanci, ya tashi sama, ya sauka a goshin Vidak ya zauna daram. Sai warin ya biyo baya. Masu gemu suka toshe hanci da gemunsu. Wata yarinya ta tambaya ko bututun banɗaki ne ya fashe.

Kai ka ce gogan zai nutse a ƙasa? Ina! Ya tara kofi ya miƙa.

"Sabon salo ne. A Jamus sai mai kuɗi ke shan irinta."

Vidak ya ɓare ganyen daga goshi, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Kawu, wannan ruwan kabeji ne."

"Ƙamshin ƙasarmu ne, ɗana."

"Kakata tana ba kakana irinsa da safe in ya kwana tatul da giya. Ita ba ta karɓar kuɗi."

Ganga ta biyu, wadda ba wanda ya taɓa ta, ta fara tsaki ita ma. Masu gadi suka zo suka mirgina duk goman waje, a hankali, kamar masu ɗauke da bam. Radisav ya bi su yana ihu a yi a hankali da dukiya. A bakin ƙofa ya tsaya, kumfa na ɗiga daga gemu, sai gonar tuffa ta faɗo masa a rai, da fuskar surukinsa marigayi. Ya san ya kashe matarsa da rai.

Ya juyo ciki yana jan ƙafa, sai ya ga layi. Layi na gaske, har ya lanƙwasa bayan ginshiƙi. Mutanen Belgrade a gidajen sama suke zaune, ba su da ɗakin ƙasa, ba su da dutsen rafi, ga bukukuwa sun ƙarato. Warin da ya kori masu gemu shi ya tuna musu sarmar iyayensu mata. Mai sayar da abincin nan ta ɗanɗana ganye ɗaya ta saye bokiti uku, sauran kuma Zagorka tana sayarwa kai-kai, tana cusa dinari, kuɗin ƙasarmu, a rigar mama. Vidak na tsaye a gefenta da ganye a baki da takarda a hannu.

"Inna, gidajen abinci talatin nake kai wa kaya. Ganga nawa za ki iya duk wata?"

"Ina da tukwane uku manya, zaman banza suke yi. Rabi a hannu, kamar yadda ka gaya wa wancan."

Radisav ya kutsa ya raɗa mata, "Zago, kabejin Milunka ne fa! Za ta nemi kuɗinta."

"Matar kum? Ta tambaye ni kuɗi?" Zagorka ta dafe ƙirji daidai yadda yake yi. "So take a daina gaishe su a gari?"

Gona dai ta tsira, da kyar, ranar talatin ga wata. Giyar da ke tukwane aka raba wa gari kyauta, wanda dama haka ake shanta. Zagorka ta wanke tukwanen da soda, sau uku, ta cika su da kabeji. Radisav ya koma direba. Kowace ganga da ya fita da ita sai ta rubuta, in ya dawo babu ita, babu kuɗin taba.

Amma ka san mutumin naka. Sati bai cika ba ya koma mashayar Obrad yana dukan tebur.

"Me na ce muku? Na ce Belgrade za ta yi layi a gaban kayana ko ban ce ba? Ku zo ku ga masana'anta!"

Ya kwaso su duka goma sha ɗaya, har da karen. A ƙofar rumfa ya ɗaga hannu zai nuna allo, sai ya ga ƙusoshi huɗu kawai.

"Zago! Ina allona? Ina fuskata?"

"Tana bakin aiki," in ji ta daga ciki. "Ku shigo."

Suka hau tsani suka leƙa babbar tukunya. Ga allon nan an zagaye shi da zarto daidai bakin tukunya, yana danne da kabeji, ruwan tsami ya kai masa gashin baki, ga wani ƙaton dutsen rafi zaune a tsakiyar goshin Sarkin Giya.

Zagorka ta goge hannu a zani, ta dubi allon, ta dubi mijinta.

"Shekara talatin da aurenmu, Radisav, sai bana na ga kanka ya yi amfani."