Ranar da Aka Yi wa Baba Jaje Saboda Waƙata

Ko zan manta da komai na sakandare, ban da ranar bikin yaye mu. Ni aka zaɓa in karanta waƙa, na kuwa rantse ba zan yi irin ta tsofaffi ba. Babu ƙafiya, babu rerawa, magana zalla irin wadda nake gani a waya. Na rubuta ta da bakin wata yarinya mai shaye-shayen maganin tari (ni da ko maganin zazzaɓi sai an yi min tsawa nake sha). Kowane layi da "ni" yake farawa: ni na sayar da 'yan kunnen Inna, ni ke ɓoye kwalba bayan randa.

Malam Umaru, malaminmu na Hausa, ya duba ya ce wannan ba waƙa ba ce, rahoto ne. Muka yi ta ja. Ƙarshe ya haƙura da ƙafiya, amma ya ce dole in buɗe da sunan Allah, in rufe da sunana da na ubana, yadda marubutan zamanin da suke yi. Don ya ƙyale ni na ce to, na ƙara baiti ɗaya a tsaye.

Ranar, Baba yana layin gaba tare da abokansa 'yan hatsi da ya kwaso daga Gidan Dahala su ga ɗiyarsa. Na fara. Wuri ya yi tsit, na ce a raina yau na kama su. Da na zo kan 'yan kunne sai na hango Inna ta shafa kunnenta. Nan na gane an ɗauka labarina ne, amma bakina ya ƙi tsayawa. Na ambaci sunana, da na Baba, da unguwarmu, na rufe da "ni na faɗi, kuma ban ƙara komai ba."

Babu wanda ya tafa. Wani tsoho ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, tunda ta tuba da bakinta."

Muna shiga keke Baba ya juyo gare ni.

"Wagga kwalba tana ina?"

"Baba, waƙa ce fa."

"To mi yas sa sunana ciki?"

Sati biyu Malam Umaru yana bin rumfunan hatsi yana bayani, wasu har yau addu'ar shiriya suke min in na wuce. Na dai koyi abu ɗaya: in sabon yayi zan yi, in yi shi har ƙasa, in na da ne, haka. Rabi da rabi shi ke sa a yi wa uba jaje.