Miliyan Ashirin Ɗin da Na Bayar Ban Sani Ba

Jama'a, kwana biyar na yi ina cin garau-garau a bakin titi, ni da nake da mata a gida. Phoebe ta kife tukunya, ta rantse ba za ta sake ɗora ta ba sai na nuna mata inda nake ɓoye kuɗi. Ni Shekari, mai faci a Gonin Gora, wanda injin iskarsa ba ya tashi sai an haɗa masa da addu'a!

Ga yadda aka yi. Ina cikin kokawa da tayar wata tirela sai ga maƙwabcina Wilson, mai yi wa Onarabul, ɗan majalisarmu, 'yan aike-aike. Ya ce, "Oga Shekari, wanke hannu. Hoto kawai za a ɗauka, akwai dubu biyu da shinkafa." To, wa zai ƙi? Aka loda mu, mu goma sha biyu, a bas zuwa wani otal a Barnawa. Da yake na fi kowa tsawo, ni aka miƙa wa wani kwali mai faɗin ƙofa aka ce in riƙe in yi murmushi. Ban karanta abin da ke jiki ba, domin idona yana kan mai raba nama.

Washegari sai ga rediyo na cewa Ƙungiyar Masu Faci ta Hanyar Abuja, ƙarƙashin shugabanta Cif Shekari, ta tara naira miliyan ashirin ta saya wa Mai Girma Onarabul fom ɗin takara. Wai shi bai ma so ya sake tsayawa ba, mu ne muka roƙe shi da hawaye. Hawayen kam na yi, barkonon shinkafar nan ba wasa ba ne.

Kafin in iso gida 'yan zumuntar matan cocinmu sun riga sun tura wa Phoebe hoton a waya. Ta tare ni a bakin ƙofa.

"Sannu da zuwa, Cif."

"Maman Lydia, tsaya ki ji..."

"Shekara uku ina roƙonka ka gyara tagar ɗakin nan, ruwa na jiƙa mana katifa, kullum sai ka ce kasuwa ba kyau. Ashe tara wa Onarabul kake yi!"

Na rantse, na sake rantsewa, ta ce ai hoto ba ya ƙarya. Wallahi abin ya yi mini zafi, domin shekara goma sha tara muna tare ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Ko a coci ban tsira ba. Mai zagayawa da kwandon baiko ya tsaya a kaina har aka gama waƙa, yana kallon naira ɗarin da na jefa.

Ranar Litinin ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa biki, ta tasa ni gaba har ofishin Mai Girma Uban Masu Faci. Shi yana wurin aiki mai nauyi, don haka sakatarensa, Mista Albert, ya karɓe mu.

"Mu ne masu miliyan ashirin," in ji Phoebe. "Mun zo mu ga abin da muka saya."

Mista Albert ya jawo fayil da alfahari. A shekara huɗu, Mai Girma ya miƙe tsaye a zauren majalisa har sau uku. Na farko ya goyi bayan a tafi hutu. Na biyu ya kawo shawarar a kafa kwamitin da zai binciki dalilin da ya sa kwamitoci ba sa zama. Na uku wayarsa yake nema a ƙarƙashin kujera, amma dai an gan shi a talabijin. Ni ban ga abin zargi a nan ba. Mutumin da ya yi shekara huɗu bai dami kowa da surutu ba ai ya cancanci lambar yabo. Sai kuma rijiyar burtsatse a Kakau. Ruwa bai fito ba tukuna, amma allon sanarwar ƙarfe ne mai kyau, har akuyoyi na shan inuwarsa.

Na ce, "Yallaɓai, taimako ɗaya nake nema. Rubuta mini takarda cewa ban ba da ko sisi ba, in samu in ci tuwo a gidana."

Ya tashi ya rufe ƙofa. "Haba Cif! In na rubuta ba kai ka bayar ba, sai a tambaye mu wa ya bayar."

"To wa ya bayar?"

"Kai mana. Ga hoto."

Duk wannan lokacin Phoebe na bin fayil ɗin da yatsa, yadda take bin farashi a kasuwa. Can sai ta ce, "Ikon Allah! Rijiyar Kakau ma miliyan ashirin ce cif. Ita da fom ɗin kansu ɗaya."

Mista Albert ya rufe fayil da sauri har ya danne mata yatsa. Ya aika a kawo mana lemo mai sanyi. Ita kuwa ta juyo ta dube ni, ta ce a hankali, "Baban Lydia, ashe da gaske ba ka da komai." Ban taɓa jin daɗin a kira ni matsiyaci irin na ranar ba.

Muna shirin fita ya ce, "Madam, kin iya lissafi. Ranar Asabar mata masu ƙosai za su saya wa Mai Girma motocin kamfen na miliyan hamsin, kuma ba su da shugaba. Dubu uku ne."

Phoebe, wadda ba ta taɓa sayar da ƙosai ba, ta ce dubu biyar, sannan za ta tafi da kwalin. Aka daidaita.

Yanzu dai tukunya ta koma kan wuta, kwalin miliyan hamsin kuma na buga shi a tagar ɗakinmu da ƙusa huɗu, ruwa ya daina shigowa. Masu cewa Mai Girma bai yi aikin komai a unguwarmu ba, su zo su gani da idonsu. Abin da ke damuna kawai shi ne Phoebe ta fi ni da miliyan talatin. Jiya na tambaye ta inda take ɓoyewa, ta ce in ci abinci in yi shiru.