Rasuwar Injin Tururin Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya tun jiya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injin goge-goge mai tururi, wanda rai ya yi wa halinsa a tsakiyar falona bayan gajeriyar jinya. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, marigayin ba nawa ba ne. Na Yayata ne, aro ta ba ni, kuma duk wanda ya san bakin Yaya ya san na ɗebo ruwan dafa kaina.

Tun da na haihu bayana ya ƙi komawa daidai. Ga ɗiyata ta fara rarrafe, duk abin da ta tsinta a ƙasa sai baki. Na daɗe ina yi wa maigida naci ya saya mana irinsa, shi kuwa kullum amsarsa ɗaya, wai me tsumma da bokiti suka yi mini. Da ƙyar da jiɓin goshi muka daidaita a kan a gwada na Yaya, in ya yi abin kirki a saya.

Marigayi mai ƙanƙan da kai ne. Bai taɓa neman sabulu ba, ruwa kawai yake sha. In an jona shi sai ya yi gyaran murya, ƙur-ƙur-ƙur, sannan ya saki numfashi, fuuuu. Layin da ke tsakanin tayil ɗina, wanda na rantse baƙi aka yi shi, ashe fari ne! Maiƙon bayan murhu da ya gagari farcena, sau ɗaya ya hura masa ya narke. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: igiyarsa gajeriya ce, ga yawan ƙishirwa, kuma sai ka yi shara tukuna yake yarda ya taɓa ƙasa. Amma na goge falo tsaf a tsaye, ban sunkuya ba, ranar har ƙwalla na yi.

Ajalinsa kalma ce. Surukata, wadda muke kira Umma, kunnenta ya yi nauyi. Ta tambaye ni wannan kuma mene ne, na ce mata injin tururi ne. Ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah, yanzu turare ma sai da inji?" Na ɗauka zolaya take. Jiya ina fita sayen madarar yarinya, ta buɗe ƙasan akwatinta ta ɗauko kwalbar turaren mai da mahaifin maigida ya bar mata, wanda ko ita ba ta yarda ta shafa, ta juye shi kaf a tankin ruwan injin, wai don jikarta ta yi rarrafe a kan ƙamshi. Da na dawo na jona, marigayi ya yi tari, kwaf-kwaf, ya yi huci ɗaya mai daɗin ƙamshi, daga nan shiru.

Maigida ya ce, "Kin gani ko? Kyan ɗan maciji ne. Ai gara da ba mu saya ba." Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai ga Umma a bakin ƙofa fuska wasai, tana tambaya ko mun ji ƙamshi. In na yi magana na wanke marigayi, na samu injina, na kuma kunyata tsohuwa a gaban ɗanta, ga kwalbarta ta tafi a banza. Na shiga kicin na fito, na sake shiga na sake fitowa. Wallahi ina son injin nan. Daga ƙarshe na ce wa maigida, "Ka yi gaskiya, ba shi da ƙarko."

Marigayi ya rasu ya bar kawunan burushi, da kofin awon ruwa, da kwalinsa da bai ko yage ba.

Za a naɗe gawar a kwalinta gobe da safe a kai ta gidan Yaya. Ni zan ɗauka, ni zan tsaya in sha faɗa, kuma sarƙar wuyana ce za ta saya mata sabo. Ana karɓar gaisuwa a falo. Ku cire takalma a waje, don da tsumma na goge shi. Duk wanda ya shigo ya ji ƙamshi, don Allah ya matsa kusa da kunnen Umma, ya ɗaga murya ya ce mata ya yi daɗi.