Mushe Hamisu Ya Sa Kare Lakwal

Allah ya yi wa unguwar Yantala baiwa ranar da Mushe Hamisu (mushen 'yan boko, wato malam, ba na dabba ba) ya ajiye aikin gwamnati ya dawo gida da zama. Mutum ne mai baki, tubarkalla. Shekarun da ya yi a biro, wato ofis, yana rubuta wa manya jawabi ba su tafi a banza ba, don ko barka da asuba ka ce masa sai ya amsa maka da gabatarwa da sharhi da kammalawa. A wurin suna yakan yi magana har a manta sunan jaririn. 'Yan unguwa, saboda tsabar ƙauna, suna kiransa Radiyo Yantala, amma a bayan idonsa.

Da sata ta yi yawa, mai unguwa Alhaji Yakuba ya ce za a kafa kwamitin tsaro. Kai, Mushe ya so kujerar shugabancin nan kamar ransa! Tunda ya bar biro ba wanda ya ƙara miƙewa tsaye don ya shigo, kuma abin yana cinsa. Sai ya sayo wani ƙaton kare, ya raɗa masa suna Kumandan, ya shelanta cewa ranar zaɓe zai nuna wa jama'a yadda ake horo da ilimi.

Taɓa kare kam ba ya yi, kada yawu ya ɓata masa shadda da alwala. Daga kan baranda yake ba da darasi a wannan lakwal, wato makarantar tasa, karen na ɗaure a gindin darbejiya. Wasu jahilai kan ce wa kare "zauna" su yi shiru. Mushe ya fi ƙarfin wannan rowar magana.

"Kumandan," in ji shi, "bisa la'akari da halin da unguwarmu ke ciki, da kuma nauyin da ya rataya a wuyanka, ina umartarka, ba tare da ɓata lokaci ba, da ka ɗauki matakin zama."

Kumandan ya karkace kai, ya saurara iya ƙoƙarinsa, ya gaji, ya yi haushi. Mushe kuwa a duniya ba abin da ya tsana irin a katse shi. Ya sa hannu aljihu, ya yago kilishi ya wurga masa don ya samu ya ƙarasa. Karen ya yi shiru yana tauna, Mushe ya ɗora daga inda ya tsaya. Da kilishin ya wuce, haushi ya dawo, wani yankin ya sake tashi sama.

Haka aka yi ta yi har mai kilishin kasuwar Lazare ya fara tambayar ko biki ake a gidan. Matarsa Hajiya Zulaiha ta leƙo wata safiya ta ce, "Alhaji, anya ba shi ke horar da kai ba?" Mushe ya yi mata bayanin kuskurenta tun hantsi har tuwon rana ya huce.

Ranar zaɓe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai unguwa bayan la'asar. Mushe ya iso cikin babbar riga, Kumandan na gefe a doguwar sarƙa. Ya gyara murya.

"Jama'a masu daraja, kafin in shiga gundarin..."

Kumandan ya ɓarke da haushi. Kilishi ya tashi. "Kamar yadda nake cewa..." Haushi. Kilishi. Kafin a gama gaida manyan baƙi aljihu ya yi fayau. To, ɗalibin kirki ba ya yar da karatunsa. Mushe na buɗe baki karen zai kama haushi, yana rufewa karen zai zauna ya zuba masa ido cikin ladabi. Mai unguwa ya yi magana, shiru. Liman ya yi, shiru. Mushe ya ce "Amma...", unguwa ta ɗauka. Gumi ya jiƙa shaddar. Wallahi har ya ba ni tausayi, ya tsaya sororo kamar wanda aka ƙwace wa kwano yana tsakar ci.

Cikin wannan shirun aka zaɓi Malam Bala mai gyaran babur, aka yi addu'a, aka shafa, rana ba ta ko yi ja ba. Tsofaffi suka dubi juna, don rabon da a tashi taro a Yantala kafin magariba tun Mushe yana biro.

Amma unguwa ba ta yi masa butulci ba. Alhaji Yakuba ya riƙe hannunsa ya ce, "Mushe, wannan horo naka ba mu taɓa ganin irinsa ba. Duk taron da za a yi, suna ko ɗaurin aure, kana cikin gayya. Don Allah kada ka zo ba Kumandan. Kilishin kuwa ka bar shi gida."