Haddar Turancin da Ta Raba Ni da Aikin Sito

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Turancina ya kunyata ni a gaban jama'a ba. Lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa, ana ta shimfiɗa hanyoyi. Ni kuma, da furfurata, na shiga ajin yaƙi da jahilci a ƙauyenmu na ƙasar Roni.

Bayan mun iya Hausar boko, Malam Sule ya ce zai ɗanɗana mana Turanci. Kullum da la'asar sai ya cika allo da jerin kalmomi, kowace da yadda ake faɗinta a yau, a jiya, da kuma gobe. Ni hanya ɗaya na sani ta karatu, wadda na taso da ita a makarantar allo: ka tanƙwashe ƙafa, ka yi ta rangaji, ka biya daga farko har ƙarshe. Haka na haddace jerin kaf. Nan da nan gari ya sa mini suna Bature (ban hana ba, har tabarau na saya a kasuwar Kazaure, alhali idona lafiya lau).

Ana nan sai kamfanin da ke aikin hanya ya ce yana neman mai tsaron siton siminti, wanda yake jin Turanci. Aikin albashi, ga shi damina ta ba mu kashi a shekarar. Dagaci da kansa ya sa ni a gaba har wurin injiniyan, wani Ba'indiye mai saje.

"Wannan," in ji dagaci, "Turanci a cikinsa yake kwana."

Injiniya ya dube ni, ya yi murmushi, ya zubo magana. Ban tsinci komai ba sai kalma ɗaya, "kam", wato "zo". Na san ta sarai, tana wajen tsakiyar jerin. To amma ni ban iya tsinko hadda daga tsakiya ba, sai na faro daga sama. A tsaye kuma ba ta zuwa. Sai na cire takalmi, na zauna a kan buhun siminti, na lumshe ido, na kama rangaji.

"Go, went, wil go. It, et, wil it..."

Da ƙira'a fa! Leburori suka ajiye shebur. Wani tsoho ya ɗaga hannu yana cewa amin. Dagaci ya sunkuyo ya ce, "Bature, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, na kusa isowa wurin."

Ko da na iso, na buɗe ido ina jiran yabo, injiniya ya riga ya koma cikin motarsa. Direbansa ne ya matso, yana share hawayen dariya.

"Baba, ai ba jarrabawa ya yi maka ba. Cewa ya yi ko za ka iya zuwa gobe ka fara aiki."

Ƙanin matata aka bai wa siton. Duk Turancinsa bai wuce "Yassa" ba, ya kuwa yi shekara huɗu yana cin albashi da ita.

Tabarau na ba mai ɗaki ta adana. Aji kuwa ban daina zuwa ba, sai dai tun daga ranar, in aka yi mini maganar da ban gane ba, nakan ce a maimaita, a tsaye, da takalmina a ƙafa.