Rediyon Nagoggo da Akwatin Rabi'a

"Lahiya lau, ina gajiya? A'a, yau amarya da wuri haka? Ko tuwon ya ƙone ne aka ce a kai ma tsoho?"

"Ko ya ƙone ai ba ka ganewa, ango. Mai haƙori uku ina shi ina zaɓen tuwo?"

Rabi'a ta ajiye kwanon a kan tsohuwar taya, ta zauna a gefen bencin. Nagoggo kakanta ne, tsohon direban Maraɗi. Tun da ido ya fara yi masa gardama ya ajiye sitiyari ya kafa benci a bakin shingen kan iyaka na Magama, a Jibiya, ba shi da aiki sai gaya wa direbobin zamani ba su iya tuƙi ba. Shekara huɗu ke nan, tun rasuwar kakarta, ita ke kawo masa abinci, ta ɗiga masa maganin ido, ta karanta masa labarai a waya.

Yau kuwa da magana ta zo. Ta sami gurbi a makarantar koyon jinya a Katsina, mahaifinta Manu kuma ya yanke magana ɗaya: in tsoho ya yarda ta tafi, in ya ce a'a shi ke nan. Duk gidan an rasa mai ƙarfin halin gaya masa. Ana haka sai Manu ya ce su haɗa sayayyarsu a kwando ɗaya a kasuwar intanet, su tura masa ya biya. Rabi'a ta cika kwandon yadda take so, ta kawo wa tsoho ya duba kafin a tura.

"Baba ya ce ka ga kwandon kahin ya biya."

"To ina kwandon?"

"Ga shi cikin waya."

"Cikin waya! Shekara talatin ina wuce duwan, kwastan ɗin Nijar, da jandarma, ban taɓa ganin kayan da ba a lalubawa ba. Da an yi wannan kwando a zamaninmu, da yanzu ina da bene bakwai."

"Da yanzu kana gidan yari dai."

"Ɗaga ta sama, ki huskanci Katsina. In sabis ɗin Nijar ya kama ta, sai su aiko mana kayan da Faransanci."

Ta ɗaga, shafin ya buɗe. Ta kai masa wayar har bakin hanci, don nan ne iyakar ganinsa.

"Wannan fa? Bulo ne?"

"Rediyo ce, mai cin hasken rana. Taka ce."

"Tawa? Ikon Allah! Yarinyar da ta taɓa ɓoye mani goro cikin takalmi ita ce yau ke saya mani rediyo? Ruwa ba ya tsami banza."

"Tausayi ne. Na ga tun da aka kawo shari'a abokan shashancinka suka tsallake iyaka zuwa Ɗan Issa, ba ka da mai yi maka hira."

"Ni da na yi sahun gaba ranar? Ke lokacin ko haihuwarki ba a yi ba, duniya na zaune lahiya. Ja ƙasa mu gani."

Ta ja.

"Wannan kuma hirji ce?"

"Akwati."

"Akwati mai taya huɗu, kamar tirela. Ina za ni da shi? Lahira ba a zuwa da kaya."

"Kai da ko aljihu ba ka cikawa? Nawa ne."

"Uhm. Ja."

Farin takalmi ya fito. Bayansa farin yadi. Bayansa wani ɗan agogo da ake maƙalawa a ƙirji. Nagoggo ya daɗe yana kallon agogon. Ya san shi sarai, irinsa ne a ƙirjin malamar asibitin da ta duba masa ido. Wata babbar mota ta wuce da hon, karon farko a rayuwarsa bai zagi direban ba.

"In ka ga kare na shinshina takalmi," ya ce a hankali, "ɗauka zai yi. Ina ne?"

"Katsina. Shekara uku."

"Kuma duk gidan sun sani."

"Sun sani. Baba ya ce sai ka yarda."

"Sai ni, sarkin makahi, aka kawo ma takarda cikin kwando. Ashe rediyon nan magajiyarki ce! An sallami amarya, an ba ango bulo ya runguma." Ya kawar da kai. "Cire rediyon. Ba ni so."

Rabi'a ta fahimci abin da cire rediyo ke nufi. Zuciyarta ta karye, hawaye ya kawo, amma ta san kakanta: in ka yi masa kuka ka faɗi. Ta haɗiye, ta gyara murya.

"To, na cire. Dama ni ma ban so barinka ba. Wa ya kai ni iya ɗiga magani duk Jibiya?"

"Ke?" Ya juyo da sauri. "Ke ɗin? Shekara huɗu rabin maganin nan cikin gemuna yake ƙarewa! Yanzu haka gemun nan ya hi ni gani. Jiya shi ya hango Ummaru mai shayi tun daga kwana."

"Ai kai ke ƙifta ido kamar kaza ta ga shaho."

"Hannu kamar na mai tankaɗe! Wallahi ko akuya ba ni ba ki ki yi ma allura."

"Ka ga ke nan ba ni da gyara."

"Gyara kam sai dai a kai ki maka..."

Ya tsaya. Bakinsa a buɗe, haƙoran nan uku a waje. Rabi'a ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa kamar mutuniyar kirki.

"'Yar nema," ya ce. "Tarko kika ɗana mani, na shiga da ƙahwa biyu."

Sai ya fashe da dariya har da tari, yana share ido da hannun riga, ya daɗe yana sharewa fiye da yadda dariyar ta kai.

"Maida rediyon. Ita aƙalla tana da wurin kashewa."

"Abincin fa?"

"Ƙahwata ba ta mutu ba, in taka in je gida in ci. Uwarki Fatu ta ɗiga maganin, ko gemun ya huta."

Ya laluba aljihu ya zaro wani tsohon kwaɗo baƙi ƙirin, wanda ya yi shekara talatin a jikin akwatin kayan gyaran motarsa. Ko Manu bai taɓa ba shi aronsa ba.

"Ban ga kwaɗo cikin kayanki ba. Mai zuwa tasha da akwati buɗe, sadaka ya kai. Sa wannan cikin kwandon."

"Kaka, ba ya shiga waya."

"To wane irin kwandon banza ne wannan?" Ya kamo hannunta ya danƙa mata kwaɗon, ya rufe yatsunta a kai, bai saki ba. "Aika ma ubanki, ki ce ya biya. Ki ce kuma ango ya saki amarya, amma saki ɗaya ne."