Bijiman Salisu a Gidan Hoton Fasfo

Ranar Talata na fita sayen tsire a unguwar Roumdé Adjia, na dawo da ciwon kai, kuma ba yaji ne ya jawo ba. Maƙwabcina Salisu, dillalin shanu, na tarar yana zagin wayarsa. Wata huɗu yana ɗura wa bijimai goma sha biyu dusa da harawa, ya loda su zuwa kudu, aka tare motar a shingen garin Ngong. Manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, sun kawo ci gaba: yanzu sai ka tura hoton kowace dabba ta intanet, a buga shi a takardar wucewa.

Ni ban ƙi ci gaba ba. Amma wanda aka ba kwangilar shafin, ina jin ɗan ƙanwar wani ne, ya rubuta umarnin da ke cusa kowane hoto cikin gidan hoton fasfo. Shi kuwa sa, ta gefe tsawonsa yake. Sai ga bijimi ya fito siriri, ƙafafu zaƙo-zaƙo, tozo kamar ƙurji. Mai tsaron shinge ya dubi takarda, ya dubi mota, ya ce waɗannan ƙosassun ba su ne a hoto ba. Aka sauke su a rana, ba abin kirkin da za su ci.

Muka garzaya shagon intanet na Madam Madeleine, wadda ta karanci kwamfuta da gaske. Ta ce in za a rage hoto, tsawo da faɗi tare ake rage su, kuma daga na asali, don in aka yi ta matsa wanda aka riga aka matse sai ya dagule. Layi biyar na umarnin kwamfuta ta rubuta. Ta rage nauyin hotunan, ta cike sama da ƙasa da fari yadda shafin ba zai sami abin matsewa ba. Bijimai suka fito da tozonsu, har shaidar da ke cinyarsu ana gani. Na ji daɗi ƙwarai, Salisu kuwa sai jero mata "useko" yake yi, godiyar Fulatanci.

Washegari muka kai dosiye, wato takardun, gaban jami'in da ke buga hatimi, Mai Girma Sarkin Hatimi. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, shanu ɗari uku na gani a na'urar nan, duk dogaye ne sirara. Naka an yi musu kwaskwarima."

Salisu ya ce, "Ranka ya daɗe, Ngong ba nisa, zo ka gan su da idonka."

"In zan je ganin shanu, me ya sa aka sayi na'ura?"

Ya ce a rubuto koke, kwamiti zai zauna. Kwana goma sha ɗaya Salisu yana sintiri tsakanin ofis da Ngong, kullum naman da ya tara yana zubewa a gabansa. Jiya mai tsaron shinge ya sake ɗauko tsohuwar takarda, ya dubi haƙarƙarin bijiman, ya ce yauwa, yanzu kam su ne. Ya ɗaga sandar shinge. Salisu ya loda bijimansa a mota, ni ne na ji hawaye na neman zubo mini.

An ce wata mai zuwa hoton katinmu na 'yan kasuwa ma ta shafin nan zai bi. Na gaya wa matata Hadje ta rage mini tuwo tun yanzu.